Kafar da Na Bari a Shinge

Akwai mutumin da ya ɗauki laifina a kansa har shekara shida. Makiyayi ne, abokin mijina tun suna samari. An ce shi ya buɗe wa shanunsa shingen gonarmu, alhali ni na buɗe. Mijina ya koma ga Allah bai sani ba. Ban yi karatu ba, 'yata ce ke rubuta wannan yadda yake fita daga bakina, na kuma roƙe ta kada ta gyara komai don in fito da kyau.

Gonar tana bayan ƙauyenmu, tsakanin Gazara da Makarfi, ta gangara zuwa wani ɗan rafi da ke ƙafewa da rani. Malam, haka nake kiran mijina, gadonta ya yi daga mahaifinsa. Lokacin da aka kawo ni daga Kudan ina amarya ƙasarta baƙa ce, in ka damƙa sai ta dunƙule a hannu. Muna tsufa tana tsufa. Ta yi fari, ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. In ruwa ya sauka ba ya shiga, sai ya bi kwarin kunya ya kwashi ƙasa ya kai rafi. Masara ba ta motsi sai an ɗura mata takin zamani. Ko waken soya, da ba shi da yawan roƙo, ya koma gajere, kwansonsa tsilli-tsilli.

Waken soya ya shafe ni fiye da kowa a gidan, don awara nake yi. In jiƙa, a kai inji, in tace, in ɗora a wuta, in zuba ruwan tsami, in matse a buhu. Hannuna ya san waken kirki tun yana cikin ruwa. A shekarun nan nakan jiƙa mudu, madarar da za ta fita ba ta kai ta da ba.

Wata rana Malam ya dawo daga taron da malamin gona ya kira, da wani iri a ƙulle cikin leda. Ya zuba mini a faifai. Wake ne, amma faffaɗa, da ɗan farin zane a gefe.

Na ce, "Wannan ɗan wake za a yi da shi ko alale?"

Ya ce, "Ba na tukunya ba ne. Na ƙasa ne."

Ya yi mini bayani yadda aka yi musu. A shuka shi tsakanin masara. In an karya masara a bar shi ya yaɗu ya rufe gonar, kada a yanka, kada dabba ta taɓa. Ya bushe a wurin, ya kwanta. Damina ta gaba a shuka waken soya a cikin busasshen ganyen ba tare da an yi huɗa ba. Malamin gona ya faɗi sunansa da Turanci, bakin Malam bai kama ba, sai ya sa masa waken rufi.

Na ce, "Wake ba a ci, ba a kai kasuwa, ba a ba dabba. Malam, ɗan zaman banza ka kawo mana gida."

Ya yi dariya. "Ke in kin kwashe tuwo kina barin sa a buɗe? Ƙasa ce kaɗai za a bari tsirara wata bakwai rana na dukanta."

Na yi dariya ni ma, amma ciki bai yi ba. A gidanmu, kamar yawancin gidajen ƙauyen, hatsi na maigida ne, harawa ta mai dabba ce. Shekara da shekaru farin wake Malam ke sawa tsakanin masara, in kaka ta yi a naɗe harawar a ɗora mini a kan rufin ɗaki. Da ita tumakina biyu da awakina uku ke ƙetare rani. Yanzu ga wani wake ya zo ya zauna a gurbin nawa, kuma an ce ko ganye ɗaya ba nawa ba ne. Ban yi gardama ba. Na haɗiye, ya zauna.

Akwai kuma wanda sabon tsarin ya taɓa. Duk shekara bayan girbi abokin Malam kan sauke shanunsa a gonar, su ci kara da karmami, su bar mana taki. Haka iyayensu suka yi. Rugarsa na ƙetaren rafi. Malam na ce masa Fillo, shi yana ce wa Malam Kaɗo, kuma ban taɓa ganin sun haɗu ba su tsokani juna ba. Ina kawo musu fura a zaure ranar da Malam ya gaya masa.

Ya ce, "Kaɗo, yau kuma ciyawa ka koma nomawa? Da ka yi magana da na koya maka, mu ne masu ita."

"Fillo, ka riƙe shanunka bana. Wannan ba rabonku ba ne."

"To wa zai ci?"

"Ƙasa."

"Duk mutanen da take ci ba su ishe ta ba, sai ka haɗa mata da wake?"

Suka yi ta dariya. Amma ya yarda. Da kaka ta yi, da addarsa ya zo, shi da Malam suka yi kwanaki suna saran farar ƙaya da magarya, suka kewaye gonar gaba ɗaya.

Waken rufi da farko kamar ba zai yi ba, inuwar masara ta danne shi. Da aka karya masara rana ta same shi, sai ya miƙe, ya hau kara, ya sauko, ya rufe kunya da kwari har ba ka ganin ƙasa. Gonakin kewaye duk suka bushe, shi yana nan kore shar. Masu wucewa kan tsaya su leƙa.

Ba a daɗe da kai masara rumbu ba Malam ya faɗi yana alwala. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace. Aka kai shi asibiti a Zariya, aka dawo da shi. Magana na fita da ƙyar, amma hankalinsa garau. Abin da ya fara tambayar babban ɗanmu shi ne ko shinge na nan.

Wannan ɗan shi ne ɗan farina. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na kuma zama mu yi doguwar hira, haka aka rene mu. Yana da sashensa da iyalinsa. A wannan ranin yana can fadama wurin saran rake, ya fita da safe sai yamma. Sau ɗaya a mako yakan zagaya gonar ta sama, ta bakin hanya, ya dawo ya ce wa uban lafiya lau.

Jinya ta sa na ajiye awara, don haka dusarta ma da nake ba dabbobi ta yanke. Karmamin da na tara ya ƙare. Tunkiyata ɗaya ta haifi tagwaye, nono ya ƙafe mata, 'ya'yan na bin ta suna kuka tana ture su. Zan so in ce yunwarsu kaɗai ce ta kai ni. Ba ita kaɗai ba ce. Akwai haushin nan da na haɗiye. Nakan ce a raina, ni ce ke ɗaga shi, ni ce ke kwantar da shi, ga abinci can kore an ce na ƙasa ne, dabbobina na ramewa a turke.

Da hantsi na ce wa Malam zan je neman itace. Na wuce shekarun kulle, ba wanda zai tambayi tsohuwa ina za ta. Na naɗe lauje a zane, na bi ta rafi, inda wata ɗorawa ke kare mutum daga hanya. Na sa sanda na janye reshen ƙaya ɗaya na shiga.

Da na tsuguna na tura hannu ƙarƙashin ganyen don in kama jijiyar, sai na ji sanyi. Ƙasar na da danshi, a tsakiyar rani, tana ƙanshi irin na ruwan farko. Na tona da yatsa, ta buɗe ba gardama. A nan na san Malam yana da gaskiya. Na sani, kuma na yanka.

Na ɗora itace kaɗan a saman ƙunshin, na shigo ta ƙofar baya. Tunkiyar ta ci har tana rawar jiki. Kwana uku nono ya dawo. Na ce sau ɗaya ne. Na koma. Na sake komawa. Ranar farko na mayar da ƙayar da kyau, har na danne ta da dutse. Da hannu ya saba, sai tsoro ya ragu, kulawa ma ta ragu. Ranar ƙarshe ina cikin yanka na tuna na bar kunu a wuta, Malam kuma shi kaɗai a zaure inda muka shimfiɗa masa don ya sha iska. Na fito a gurguje, ƙaya ta soke ni a yatsa, na jingina reshen kawai na ce gobe na gyara.

Kafin la'asar abokin Malam ya yi sallama. Babban ɗana ya dawo da wuri ranar, yana zaune kusa da uban. Na ɗebo ruwa a kwano, na tsaya bayan ƙofar zaure.

Bayan gaisuwa ya ce, "Kaɗo, ban zo da labari mai daɗi ba. Shanuna sun shiga. Ina sallar azahar a bakin rafi, na sallame na ga rabinsu a ciki. Na fitar da su na toshe. Ɓangaren rafi ya tafi. Na sama yana nan."

Malam ya daɗe kafin ya haɗa kalmar. "Ta ina?"

"Akwai kafa a gindin ɗorawa."

"Wa ya buɗe?"

"A buɗe na tarar da ita."

Ɗana ya ce, "Baffa, ƙayar da ku da kanku kuka sara kuka dasa? Iska ce ta ɗauke ta?"

Sai Malam ya kira abokin nasa da sunansa na yanka, abin da ban taɓa ji ba tun da na shigo gidan. Ya ce, "Da ina tsaye da ƙafata, ba za ka yi mini haka ba."

Taku ɗaya ne tsakanina da su. Kwanon ruwan na hannuna. Na ce bari ya gama magana in shiga. Na ce bari ɗana ya fita, ba zan iya faɗa a gabansa ba. Ina cikin wannan bari-bari mutumin ya ce, "Allah Ya ba ka lafiya," ya ɗauki sandarsa da malafarsa. Da ya hango ni ya ɗan rusuna ya ce, "Uwargida, sannu da jinya." Ya fita.

Na koma bayan ɗaki na kwashe sauran ganyen da ke gaban dabbobi, na tura ƙarƙashin rumbu. Kafin ruwan farko, abokin Malam ya tayar da rugarsa ya koma wajen Gubuchi.

Da damina ta sauka ɗana ya shuka waken soya yadda malamin gona ya ce. Gonar ta rabu biyu. Sama, busasshen rufi ya kwanta kamar tabarma, gara ta ci wani ta bar wani, ya riƙa buɗe ganyen yana sara da sungumi. Ƙasa, wajen rafi, fili ne tsirara, kofato ya daddaɓe shi.

Abin da ya fara faruwa ya ruɗe ni. Na wajen rafi ya riga fitowa, layi-layi, gwanin kyau. Na sama ya yi nawa, ƙasar da sanyi, tsiron na fama ya ratso ganye, gyare da ƙadandoniya suka yanke wasu, sai da aka sake shuka inda ya yi giɓi. Mutane suka fara cewa ashe shanun Bafulatani gyara suka yi. Allah Ya yafe mini, na ji daɗi. Na ce asirina ya rufu, ɓarnar ma ba ɓarna ba ce.

Sai ruwa ya ɗauke. Mako ɗaya, biyu, har aka shiga na uku. Na je da kaina na gani. Waken wajen rafi ya naɗe ganye yana nuna farin bayansa, ƙasa ta tsattsage, harkiya kuwa ta fi shi tsawo duk da an nome. Na sama yana tsaye da tsakar rana kamar ba a gaya masa ana fari ba, ciyawa ɗaɗɗaya ce ta samu hanyar fitowa. Da ruwan ya dawo da ƙarfi ya zo. A sama ya nutse shiru. A ƙasa ya yi gudu, ya wanke gindin waken har saiwa ta fito fili.

Ɗana ya tumɓuko guda biyu ya kawo wa uban. Na saman saiwarsa cike da 'yan ƙulli-ƙulli kamar 'ya'yan carbi, ya fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Ya ce malamin gona ya ce su ne ke ciyar da waken. Na ƙasan 'yan kaɗan ne, ƙanana. Malam ya shafa su da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana shafawa.

Da kaka Malam ya nace sai an kai shi gonar. Aka ɗora shi a mashin, ɗana a gaba, maƙwabcinmu a baya yana riƙe da shi, ni na bi a ƙafa. Ganye ya zube, sai kara da kwanso. Na sama ya kai cinya, kwanso tun daga gindi har kai, ko'ina uku-uku. Na ƙasa bai wuce gwiwa ba, da yawa kwanson fanko ne. Iyakar tana nan kamar an ja da igiya. Mutane na ganin inda shanu suka tsaya. Ni ina ganin har inda na fara tsugunawa.

Malam ya ce, "Da duk haka take." Hawaye na zuba ta idon da ya shanye, wanda ba ya iya riƙe komai.

Bayan an casa aka zuba su buhu dabam-dabam. Na saman ƙwayarsa cikakkiya, mai sheƙi. Na jiƙa mudu ɗaya na yi masa awara mai laushi wadda zai iya taunawa. Madara ta fita irin ta shekarun amarcina. Ya ci ya ce, "Wannan ɗan sama ne." Na ce shi ne. Ya miƙo mini yanki, na sa a baki.

Allah Ya ba ni dama, ba zan ce bai ba ni ba. Wata safiya ina goge masa baya da ruwan ɗumi, mu biyu kaɗai, ya ce, "Kin san abin da ke cina? Ba waken ba ne, wake ana sake shukawa. Mutum shekara arba'in muna cin ƙwarya ɗaya. Ina kwanciya ya ga dama ta samu." Ya ƙara da cewa, "Ko leƙowa bai sake yi ba."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ruwan bai yi zafi ba?"

Tsoro nake ji. Ba tsoron duka ko saki ba, mun wuce nan. Ni kaɗai ce ya rage yana kallo da yarda. Na ji ba zan iya jure ya kira ni da irin muryar da ya kira abokinsa ba. Na ce sai ya ƙara samun sauƙi. Bai samu ba. A ranin nan ya rasu, da safe, kansa a cinyata.

Ina cikin takaba aka ce mini abokinsa ya zo gaisuwa ran uku. Ya zauna a bakin tabarma, ba wanda ya matsa masa. Ɗana ya ba shi hannu da kan yatsu. Ya ajiye ƙwaryar nono ya tafi.

Shekaru suka bi. Ɗana ya riƙe waken rufi, shekara ɗaya masara da rufi, shekara ɗaya waken soya. Ƙasar ta fara duhu, tsutsotsin tana suka dawo cikinta, takin da yake saye ya ragu. Maƙwabta suka riƙa zuwa neman iri. Duk wanda ya zo sai ya ba shi labarin gonar da ta rabu biyu, ya rufe da cewa, "Ka dai yi shinge, ka kuma san wa ka yarda da shi." Ya hana shanun gidan mutumin karan sauran gonakinmu. Ina jin labarin ta katanga, ina tace awara. Duk buhun da aka shigo da shi gidan, mutane na yi mini barka, ni ina jin kamar an ɗora mini shi a ƙirji.

Bara na gamu da matar abokin Malam a kasuwar Makarfi, tana zaune bayan ƙwaryarta. Da mun saba, tana kawo mini man shanu ina ba ta daddawa. Muka gaisa, na tambayi maigidan. Ta ce jiki ya yi nauyi, ido ma ya ragu. Sai ta ce, ba da faɗa ba, tana gyara faifai, "Labarin nan har can ya bi mu. In 'ya'yansa suka nemi kara a gonar mutum, sai a ce ai ku ne masu buɗe shinge. Rani biyu ke nan sai sun kai shanu nesa."

Ashe abin bai tsaya a kabarin Malam ba. Ina zaune ina kuka da nadama a ɗaki, ina ganin kamar wani abu nake biya, su kuwa suna can suna tafiya da shanu.

Mako bai cika ba na shiga mota zuwa Gubuchi, na ƙarasa a ƙafa ina tambaya. Na same shi a inuwa yana tufkar igiya. Ya gane muryata kafin fuskata. Muka yi gaisuwa mai tsawo, gida, yara, jikoki, haƙurin rashi, dabbobi, gajiyar hanya. Na so gaisuwar kada ta ƙare. Da ta ƙare na ce, "Ni na buɗe shingen nan. Na yi kwanaki ina yanka wa tumakina. Ranar ban mayar da ƙayar ba."

Bai daina tufka ba. Ya ce, "Uwargida, saniya ba ta da lauje. Da na shiga fitar da su na ga inda aka yanka. Na ga sawu, ƙarami ne, ya nufi bayan gidanku."

Na ce, "Ka sani, ka yi shiru?"

"In na faɗa, ni in fita ke ki shiga. Shi yana kwance, ke ce hannunsa da ƙafarsa. Mutum zai iya kwanciya ba aboki. Ba zai iya kwanciya yana ƙin mai ba shi ruwa ba." Ya ɗan ja igiyar. "Na ɗauka in ya ji sauƙi za ki gaya masa, ya aiko a kira ni, in zo in yi masa tsiya. Na yi ta jira."

Na yi kuka a gabansa, ban rufe fuska ba. Na roƙe shi gafara. Ya ce nasa ya yafe tun a bakin rafi. Ya ce, "Amma ni na kusa bin Kaɗo. 'Ya'yana ne ke ɗauke da sunan. In da abin da za ki yi, wajen ɗanki yake."

Wannan ya fi mini zuwa Gubuchi wuya. Tun yana jariri ban ɗauke shi a gaban mutane ba, ban taɓa gaya masa ko ciwon kaina ba. Na yi kwana biyu ina kallon sa yana shiga yana fita. Rana ta uku ya dawo daga gona da azahar, na ce, "Kai, zo."

Ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, kansa a ƙasa, yadda ya saba. Na faɗa masa duka, ina kallon bango.

Ya ce, "Inna, ni na ce masa iska ce ta ɗauke."

Na ce, "Ni na sa ka faɗa."

"Shekara shida ina ba mutane labarin."

"Ina ji."

Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yi. "Me ya sa sai yanzu?"

Na mayar da idona kan bango. Can ya ce zai je wurin Baffa, zai kuma faɗa a ƙofar masallaci inda ya saba ba da labarin. Ya ce zai ce daga cikin gidanmu aka buɗe.

Na ce, "Gidan nan da matarka a ciki, da ƙannenka. Kada ka sauke wa wani ka ɗora wa wani. Ka ce ni ce."

"Inna, da wane baki?"

"Da wanda ka faɗi na farko."

Ran Juma'a ya faɗa. Ban tambaye shi yadda ya jera maganar ba. Na dai san ya ambace ni, don matan da ke zuwa sayen awara sun rage hira, wasu na kallon hannuna. Wata tsohuwa sa'ata ta ce da ita ce da ta tafi da shi kabari. Na ce na kusa.

Ya je Gubuchi a mashin, ya yini. Da kakar nan 'ya'yan mutumin suka kawo shanu karan gonarmu ta bakin hanya. Uban bai zo ba, ƙafa ba ta kai shi. Ya aiko a gaishe ni.

Ɗana yana gaishe ni kullum safe kamar da, yana tsugunawa, yana tambayar kwana. Sai dai ya fi saurin tashi. Ban ga laifinsa ba.

Wanda ya kamata ya ji shi ne bai ji ba. Malam ya tafi yana ganin abokinsa ya ci amanarsa, ni kuma ya tafi yana sa mini albarka. Ina roƙon Allah Ya sanar da shi a inda yake, Ya haɗa su su biyun, ko da ni ba a kira ni wurin ba.